Babi na Shida: Iskar Tiga da Wasan Lema

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta fara ginawa a 1971 aka kammala a 1974, ta tare Kogin Kano a ƙasar Bebeji, ta tara tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178 idan ya cika maƙil. Ruwan da aka tsara za ta riƙe ya doshi kubik mita biliyan 2. Daga bangon madatsar, mai tsawon kilomita 6, ruwan ya miƙe kudu ta gefen Rano da Tudun Wada har ya kusanci bakin dajin Falgore. Mutumin da ya san irin kuɗin da wasannin ruwa ke jawo wa wasu garuruwan Afirka ba zai rasa tambayar kansa ba: me ya hana a yi irinsu a nan? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta tsanaki, domin an sha amsa ta da gaggawa, da siminti da bulo. A babin nan za mu ɗauki wasa guda mu gwada Tiga da shi, wato wasan zamiya a kan ruwa da lemar iska. Dalilin zaɓensa shi ne ya fi sauran tsananin sharaɗi. Kwale-kwalen shaƙatawa zai tafi a kowane ruwa, mai ninƙaya zai shiga kowane gulbi, amma mai lema ba ya motsawa sai yanayi ya ba shi izini. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa jarin wannan wasa iska ce, iska mai ƙarfi daidai gwargwado, mai ɗorewa, mai zuwa daga inda ya dace a lokacin da aka san za ta zo. Yashi da otal da kwalta duk bayanta suke biyowa.

Ga yadda wasan yake. Mutum ya tsaya a kan wani allo mai kama da faifan katako, ƙafafunsa a cikin maɗauri, ya ɗaura ɗamara mai ƙugiya a ƙugu. Daga ƙugiyar igiyoyi sirara huɗu ko biyar, masu tsawon mita 20 zuwa 25, suka tashi sama zuwa wata lema mai siffar jinjirin wata, wadda faɗinta kan kama daga murabba'in mita 5 zuwa 17. Da sandar da ke hannunsa yake karkata lemar hagu ko dama, ya ƙara mata ƙarfi ko ya rage, ita kuma ta ja shi a saman ruwa. Babu inji, babu fetur. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar lemar da ake hura wa iska a gefenta a 1984, wadda idan ta faɗa ruwa ba ta nutsewa, ana iya sake tayar da ita. Wannan dabara ce ta mai da abin wasan jama'a a ƙarshen shekarun 1990. A 2017 Bafaranshe Alex Caizergues ya yi gudun da ya haura kilomita 107 a awa da lema, a 2024 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faris a karon farko, aka yi tseren a tekun Marsai, Ellie Aldridge ta Birtaniya da Valentin Bontus na Ostiriya suka ɗauki zinare.

Iskar da mai lema na yau da kullum yake nema tana tsakanin kilomita 22 zuwa 46 a awa. Ƙasa da haka lemar sai ta yi ta lilo ta faɗo, sama da haka sai ƙwararru. Amma adadin gudun ba shi ne duka labarin ba, kuma a nan ne waɗanda ba su san wasan ba suke ruɗewa. Ƙarfin da iska ke yi a jikin lema ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudunta, ninkuwa yake yi: idan gudun ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu. Iskar da ta tashi daga kilomita 25 zuwa 35 a cikin daƙiƙa biyu ta kusa ninka nauyin da ke jan ƙugun mutum. Saboda haka iska mai fizga, mai zuwa tana ɗaukewa, ta fi mai ƙarfi amma miƙaƙƙiya hatsari, ko da a takarda matsakaicin gudunsu ɗaya ne. Sai kuma alkibla. Iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa cikin ruwa ita ce mafi muni, don idan igiya ta tsinke ko lema ta faɗi, can tsakiya za ta yi ta tura mutum. Wadda ke bugowa kai tsaye daga ruwa zuwa gaɓa tana iya ɗaga shi ta maka da dutse ko bishiya. Wadda ake so ita ce mai zuwa a kaikaice, tana bin gaɓa tana ɗan karkatowa tudu, ta yadda wanda ya gaza za ta kawo shi gaci a hankali. Amfanin yashi a nan yake, kuma amfani ne na gaske: fili ne mai laushi, babu itace babu waya, inda za a shimfiɗa igiya mita 25 a tayar da lema, kuma inda wanda aka ja a ƙasa zai tashi da ƙujewa maimakon karaya.

Nijeriya ita kanta hujja ce a kan cewa teku da yashi ba sa wadatarwa. Gaɓar tekunmu ta kai kilomita 850, kuma daga Badagiri zuwa Lekki yashi ne shimfiɗe iyakar ganin ido. Duk da haka masu yawon duniya da lema a jaka ba Legas suke nufa ba. Gaɓar Tekun Gini tana kusa da tsakiyar duniya, inda iska ba ta cika ƙarfi ba a mafi yawan shekara, wadda ake samu kuma daga kudu maso yamma take bugowa gaɓa, tare da igiyar ruwa mai nauyi da wani ja na ƙarƙashi da ke cin masu wanka. Su masu lemar Dakhla suke tafiya, a Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke riƙe da shi ƙungiyar Polisario na jayayya. Can wani zirin ƙasa ya kare wani lungun teku mai tsawon kusan kilomita 40, ruwan ya kwanta lumui, iskar arewa kuma tana kaɗawa a mafi yawan kwanakin shekara. Suna tafiya tsibirin Sal na Kef Bad, wanda ya fitar da Mitu Monteiro, zakaran duniya na 2008. Suna tafiya Tarifa a kudancin Sifen, inda mashigin Jibiralta ke matse iska, da Kef Tawun inda iskar kudu maso gabas ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Maris, da Paje a Zanzibar mai iskokin kaskazi da kusi da matuƙa jiragen Suwahili suka sani tun ƙarnoni. Dakhla ba ta da inuwa, ba ta da ruwan sha mai yawa, tana da nisa da ko'ina. Sansanonin baƙi da jiragen sama sun same ta ne bayan labarin iskarta ya bazu.

Haka nan ba dole sai teku ba, kuma wannan shi ne abin da ya sa batun Tiga bai zama wasan yara ba. Tafkin Garda a arewacin Italiya ruwan daɗi ne, girmansa kamar ninki biyu na Tiga, tsaunuka sun kewaye shi, gaɓarsa ta arewa ba ta da yashin kirki, har ta kai yawancin masu lema da jirgi ake kai su tsakiya su tashi daga can. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne iskoki biyu masu cika alkawari: ɗaya daga arewa da sassafe, ɗaya daga kudu bayan azahar, kowacce da sunanta a bakin mutanen wurin. Garin Hood River a jihar Oregon ta Amurka a bakin Kogin Kolombiya yake, nesa da teku, amma kwazazzabon da kogin ya ratsa yana zuƙo iska daga yamma duk tsawon lokacin zafi. Wuraren nan biyu sun rasa yashi ko teku ko duka biyun, sun samu iska, wasan ya zauna. Legas ta samu yashi da teku, wasan bai zauna ba.

To ita Tiga wace iska gare ta? Manomin Kiru ko na Doguwa zai lissafa ta ba tare da ya duba littafi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska daga arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, zafi da cunkushewar iska da 'yar guguwa mai juyi a fili. Sai damina, lokacin da iskar kudu maso yamma ke hawowa daga teku da laima, hadari kuma ya riƙa tasowa daga gabas. A cikin ukun nan hunturu ne abin dubawa, kuma akwai dalilin sa rai, domin shi da iskar da ke ciyar da Dakhla da Sal dangi ɗaya ne. Duk reshe ne na babbar iskar arewa maso gabas da ke gangarowa daga yankin Sahara zuwa tsakiyar duniya, kuma lokacin da Sal ke cika da baƙi shi ne lokacin da Kano ke cika da hazo. Bambancin yana hanyar da kowacce ta biyo. Wadda ta isa Sal ta yi ɗaruruwan kilomitoci a kan teku, babu abin da ya tare ta, ta iso a miƙe. Tamu ta ratso hamada da gonaki da garuruwa da duwatsu, ƙasa tana cin ƙarfinta, rana da dare suna juya ta.

Wannan juyin na rana da dare shi ne abin da ya fi muhimmanci a fahimta, kuma masana yanayi sun yi nazarinsa sosai a kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda yawancin ƙurar da ke rufe Kano take tasowa. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, ta sama kuma, 'yan ɗaruruwan mitoci daga ƙasa, ta kuɓuce daga gogayya ta yi ta gudu. Idan rana ta fito ta fara dumama ƙasa, sai iskar ta gauraye, gudun da ke sama ya sauko. Shi ya sa hunturu ya fi kaɗawa da hantsi, daga wajen ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, ya lafa da la'asar, ya kwanta da magariba. Mai shanya da mai sheƙar hatsi sun san haka tun kafin a ƙirƙiro na'ura. A bakin teku akasin haka ake samu: tudu ya yi zafi da rana, iska mai sanyi ta kwararo daga ruwa, ta yi ƙarfi da yamma, daidai lokacin da baƙo ya ci abinci ya huta yana neman abin yi. Ma'anar wannan ga Tiga ita ce ko da hunturu ya kai ƙarfin da ake so, taga ce ta 'yan awoyi da safe, a watannin da ruwa ya fi sanyi, kuma iskar da ta sauko ta hanyar gaurayuwa ba ta rasa fizga. Ranakun da ya fi ƙarfi kuwa sukan zo da hazo, ko hazon ya biyo bayansu, irin wanda ke hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano. Mai ceto da ba ya hango abin da ya wuce kilomita ɗaya ba zai ga lemar da ta faɗi a tsakiyar tafki ba.

Iskar damina ta fi laushi, amma hadarinta ne matsalar. Kafin ruwa ya sauko akan yi wata iska mai tsanani daga gabas, wadda ke kware rufin kwano ta karya reshe cikin 'yan mintoci. An ce iska na wahalar da mai kayan kara, to ina ga wanda ya ɗaure ƙugunsa da lema mai murabba'in mita 12, ga igiyoyi a sama ana walƙiya? A ƙa'idar wasan ko'ina a duniya, ganin baƙin hadari na nufin a sauke lema a fita.

Akwai kuma yadda tafkin ya kwanta. Kogin Kano daga kudu yake gangarowa, daga tuddan da ke wajen Riruwai da gefen tsaunukan Jos, ya ratsa Falgore ya nufi arewa, don haka bangon madatsar a arewacin ruwan yake. Can ne garin Tiga yake, can ne hanyar mota mai kyau take, can ne aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse. Amma ga iskar arewa maso gabas, wannan ɓangaren shi ne bayan gari: daga tudu take fitowa ta faɗa ruwa, bayan ta tsallake bango mai tsayin mita 48 da duwatsun da ke kewaye, wato ta iso a hargitse kuma tana tura mutum nesa da gaɓa. Inda za ta iso a miƙe, bayan ta yi tafiya a kan ruwa ta daidaita, shi ne gaɓar yamma da ta kudu maso yamma, wajen ƙauyukan da ke nesa da kwalta. Da damina lamarin ya juye, iskar ta riƙa tura duk abin da ke kan ruwa zuwa bangon da mafitar ruwa, wurin da babu mai hankalin da zai bar ɗan koyo ya kusanta. Wanda ya zaɓi wurin wasa saboda kusancinsa da otal ya zaɓi wurin da iska ta ƙi.

Gaɓar ma ba tsayayya ba ce. An gina Tiga ne don noman rani da ruwan sha, ita ke ciyar da magudanan Kadawa da Kura ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, kuma duk rani ana sakin ruwa. Yayin da tafkin ke ja da baya, abin da yake bari laka ce da taɓo, manoma kuma su bi shi da shuka. Filin da ya dace da tayar da lema a Nuwamba yana iya zama gonar wani a Fabrairu. Ƙarƙashin ruwan akwai abin da ke ƙarƙashin kowane tafkin da aka yi ta hanyar nutsar da daji da gonaki, wato kututture da dutse. A samansa akwai kalli da masunta ke shimfiɗawa su bari ya kwana, da taru, da ƙugiyoyi a jere. Sannan ga tsargiya, cutar da ke shiga ta fata daga dodon-koɗin da ke zama a ruwa marar zurfi mai ciyayi, wadda aka daɗe da sanin ta yi katutu a yankunan noman rani na Kano. Ɗan koyon lema kuwa yakan shafe kwanakinsa na farko tsaye cikin ruwa iya ƙugu, daidai inda cutar take. Maganinta, praziquantel, yana da sauƙin samu, amma baƙon da ya koma gida yana fitsarin jini ba zai aiko da abokinsa ba.

Mai ja da wannan magana zai ce fasaha ta riga ta wuce nan. Yanzu akwai allon da ake dasa wa doguwar ƙafa mai fiffike a ƙasa, wanda ke ɗaga mutum sama da ruwa ya rage gogayya, har ƙwararre ya iya tafiya da iskar da ba ta wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ba. Irinsa aka yi tseren Olamfik da shi. Gaskiya ne, kuma wannan ya faɗaɗa wuraren da wasan zai yiwu, Tiga na iya shiga ciki. Sai dai ƙafar nan tana nitsewa kusan mita guda, tana gudu kamar wuƙa, kuma ita ce za ta fara cin karo da kalli da kututture. Ba da ita ake fara koyo ba, ita ce kuma mafi tsada a wasan da tun asali sabbin kayansa ba sa kasa dala 2,000. Ko a Marsai, da zaratan duniya da mafi kyawun kaya, rashin iska ya yi ta jinkirta tsere, har aka ɗage kammala wasan ƙarshe na maza zuwa washegari. Fasaha ta rage yawan iskar da ake buƙata, ba ta cire buƙatar sanin yaushe za ta zo ba.

Wani zai ce duk wannan taka-tsantsan hanya ce ta kashe magana, domin Dakhla ba kwamiti ne ya gano ta ba, wasu masu kasada ne suka je suka gwada. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba na cikin masu ganin sai gwamnati ta yi bincike kafin mutum ya jiƙa ƙafarsa. Amma masu kasadar nan sun tarar da iskar da matuƙa jirage da masunta suka daɗe da sani, abin da za su yi asara in ba ta zo ba kuwa kuɗin mota ne da tanti. Tarihinmu dabam ne. Mu da gini muke farawa. Rock Castle da otal ɗin tafkin Bagauda, duka a ƙasar Bebeji, an yi su ne a zamanin da aka yi imani cewa idan an gina ɗaki baƙo zai zo. Na farko ya shafe shekaru a yashe, na biyu ya zama harabar Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wanda amfani ne mai kyau amma ba shi aka nufa ba. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa injinan iska 37 don samar da megawat 10, aikin da ya haura shekara goma yana jan ƙafa. Wanda ya san waɗannan ba zai kira shekara biyu ta awon iska ɓata lokaci ba. Awon ma ba wani abin tsada ba ne: turaku masu tsayin mita 10, wanda shi ne ma'aunin da duniya ta yarda da shi, a kafa uku ko huɗu a gaɓoɓi daban-daban, kowanne da na'urar da ke rubuta gudu da alkibla da fizga duk minti goma. Alƙaluman filin jirgin Kano ba za su maye gurbin wannan ba, domin tsakaninsa da tafkin akwai kusan kilomita 70, kuma matsakaicin wata guda yana haɗiye daidai abin da ake nema, wato awa nawa a rana, rana nawa a mako. Aiki ne da ɗaliban Jami'ar Bayero za su iya ɗauka tare da hukumar kula da yanayi ta NiMet, kuɗinsa bai kai na katangar otal ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wanda zai ce: a yankin da manomi ke neman taki, masunci ke neman koma, hanyar Falgore ta sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu har aka kai ga girke sojoji a dajin, wa ya damu da wasan masu kuɗi? Ban raina wannan magana ba, kuma da a ce za a ɗebi kuɗin asibiti a sayi lema da na bi bayansa. Amma a duba jerin abin da wasan yake buƙata kafin a yarda mutum ɗaya ya shiga ruwa: sanin iska awa bayan awa, gargaɗin hadari da ke isa bakin ruwa a kan lokaci, taswirar kututture da wurare masu zurfi, jirgin ceto mai inji da mai a cikinsa, rigar kariya ga kowa, mutanen da aka koya wa farfaɗo da wanda ya sha ruwa, da yaƙi da tsargiya. Babu ko ɗaya a ciki da masunta da fasinjojin kwale-kwale ba su fi baƙo buƙatarsa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi ya yi yawa, rigunan kariya babu. Wannan a arewa maso yammacin Kano ne, amma yanayin sufurin ruwan bai bambanta da na sauran madatsun jihar ba. Idan awo ya nuna iskar Tiga ba ta isa wasan lema ba, an dai samu abin da zai rage irin wannan makoki. Abin takaici ne a ce sai an ambaci baƙo mai dala sannan a tuna da rigar kariya, amma na fi son a tuna ta wannan hanya da a ƙi tunawa.

Batun al'ada da sutura, wanda wasu za su ɗauka shi ne babban shinge, a ganina shi ne mafi sauƙi. Da sanyin hunturu babu mai shiga ruwan Tiga sai da rigar roba mai rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu. Dakhla da Zanzibar garuruwan Musulmi ne, kuma wasan ya zauna a cikinsu. Abin da ke jawo rigima a irin wuraren nan shi ne shaye-shaye da kiɗan dare da wasu masu sansani ke haɗawa da wasan, kuma wannan zaɓin mai sansani ne.

Wanda ya fi wuya shi ne rabon ruwa. Awoyin hantsi da hunturu ke kaɗawa su ne lokacin da masunci ke kan ruwa yana duba kallin da ya kwana, ko yana komowa gaci da abin da ya samu kafin dillalan kifi su watse. Gaɓar da iska ta fi dacewa a cikinta tana da masu ita, masu noman bakin ruwa da makiyayan da ke shayar da shanu. A wasu gaɓoɓin duniya an kori masunta daga inda kakanninsu suka yi su don a share wa baƙi fili, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauka hakan ba zai faru a nan ba idan aka bar abin a hannun mai kuɗi da takardar izini. Su masuntan kuma su ne suka riƙe rabin ilimin da ake nema. Sun san inda tsohuwar kuka ta nutse, inda kogin ya bi kafin a tare shi, lungun da igiya ke tashi idan iskar gabas ta buso, da watan da ruwa ke janyewa daga kowace gaɓa. Saboda haka zaman farko da Sarkin Ruwa da dagatai za a yi shi, a shata yanki guda da tutoci masu yawo a kan ruwa, a amince a kan awoyin da babu kalli a cikinsa, a kuma sa diyyar duk ragar da aka yanka a rubuce tun kafin a yanka ta. Matuƙan jirgin ceto daga cikin 'ya'yansu za a ɗauka, domin su suka iya ruwan, kuma idan wata rana za a samu ɗan Kano da zai riƙe sandar lema da kyau, daga cikin yaran nan da ke haye gora suna bin taru tun suna shekara bakwai zai fito.